Shekarar da Na Raba 'Yan Biyun Aujara

Na san kun sha ji a bakin mutane cewa ubanku ya taɓa sayar da ɗan mutane, yaron kuma bai dawo gida ba. Na san akwai wanda a cikinku ya yi dambe a makaranta a kan wannan magana, ya dawo da riga a yage, na tambaye shi dalili ya ƙi faɗa. To yau zan faɗa muku da kaina, tunda gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara ja da baya, kuma ba na so in tafi in bar ku kuna kare ni a kan abin da ba ku san tushensa ba. Masu cewa na sayar da yaro ba su yi mini ƙarya ba. Sai dai ba su san ko rabin abin da ya faru ba, da sun sani kuwa, da abin da za su faɗa ya fi haka muni.

A lokacin ni ne kocin kulob ɗin ƙwallon kwando na nan Dutse. Muna buga babbar gasa ta ƙasa, yaranmu da albashinsu, muna yawo gari-gari a wata tsohuwar bas da sai an tura take tashi. Filinmu wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano a gindin duwatsu, daɓen siminti duk ya tsattsage, wanda ya faɗi a kai sai ya bar fatarsa a wurin. Mutanen gari ba su ɗauke mu a bakin komai ba. A wurinsu ƙwallo ita ce ta ƙafa, mu kuwa wasu dogaye ne marasa aikin yi. Mahaifiyarku ma, in tana so ta tsokane ni, sai ta ce ita ba ta taɓa ganin mai hankali ya wuni yana zuba abu a kwandon da ba shi da gindi ba. Waɗanda suka sa aka fara cika ɗakin nan har ana leƙe ta taga su ne 'yan biyun Aujara, Hassan da Hussaini.

A kasuwa na tsinto su. Na je ɗaurin aure Aujara, na tsaya sayen kankana, sai na ga samari biyu dogaye kamar giginya suna loda ta a mota. Ɗaya yana ƙasa ya ba motar baya, yana ɗauka yana cillawa ta saman kafaɗarsa ba tare da ya waiwaya ba. Ɗayan yana sama yana cafewa, shi ma hira yake yi da wani, ko kallon ƙasa ba ya yi. Na tsaya har suka cika motar, ko ɗaya ba ta faɗi ba. A ranar na bi su gida. Mahaifinsu malamin makarantar allo ne, mutum mai sanyin magana, yanar ido ta riga ta fara rufe masa gani. Ya ce in dai ba za su bar salla ba, kuma ba tsirara ake yin wasan ba, shi ba shi da ta cewa. Sai muryar mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Inna, ta fito daga bayan labulen zaure.

"Malam Koci, ni sharaɗina ɗaya ne. Abin da ka ba ɗaya, ka ba ɗayan. Ko tsinke ne."

Malam ya yi murmushi ya ce, "Camfi ne irin na mata, kada ya dame ka."

Amma bai ce ta janye maganar ba, ni kuma na amsa mata da to.

Ku yaran yanzu ba lalle ku san abin da ake faɗa a kan 'yan biyu ba. Mu mun taso ana cewa kunama ba ta harbinsu, in ka ɓata musu rai tukunyarka ba za ta nuna ba, kuma ba a fifita ɗaya a kan ɗaya. Ni na yi boko, na ɗauki duk wannan tatsuniya. Duk da haka takalmi biyu nake saya, tawul biyu, in na yi wa ɗaya faɗa sai na nemi abin da zan yi wa ɗayan faɗa a kai. Wata rana mahaifiyarku ta zuba musu abinci, tsokar Hassan ta ɗan fi girma, washegari ta ɗora wake tun hantsi har la'asar yana nan kamar tsakuwa. Na yi ta yi mata dariya ina cewa tsohon wake aka sayar mata. Abin da ban yi wa dariya ba shi ne ranar da Hassan ya gurɗe a tsakiyar wasa. Hussaini yana benci kusa da ni, ya sunkuya yana ɗaura igiyar takalmi, bai ga komai ba, amma shi ya fara yin ƙara ya riƙe idon sawunsa, kafin ma Hassan ya kai ƙasa. Na ji tsigar jikina ta tashi, na kawar da kai na ci gaba da ba da umarni.

A fuska ba mai iya bambance su. Alƙalan wasa da lambar riga suke gane su, Hassan bakwai, Hussaini takwas. A hannu ma kusan ɗaya suke. Bambancin yana cikin ƙirji. Hassan zai yi gudu daga farkon wasa har ƙarshe bai nemi ruwa ba. Hussaini kuwa, a shekararsu ta farko ya taɓa yanke jiki ya faɗi a wurin atisaye, na kai shi wurin wani likita abokina, ya auna shi ya sake aunawa, sannan ya ja ni gefe ya ce zuciyar yaron nan tana da matsala tun haihuwa. Ya ce shi da za a bi tasa, a raba shi da wasan. In kuma an ƙi, to kada a kuskura a bar shi ya wuce minti biyar yana gudu a jere. Na san in hukumar gasa ta ji za ta hana shi wasa, in kuwa aka hana Hussaini, Inna za ta janye Hassan. Sai muka rufe maganar tsakanina da yaran da iyayensu, mahaifiyarku kaɗai na faɗa wa a gida. Nakan sa shi ya yi minti biyar, ya zuba ƙwallaye uku ko huɗu, in fitar da shi. Alamarmu ita ce, in abin ya fara taso masa sai ya danna babban yatsansa a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu. Da na ga haka sai in miƙe in nemi canji. 'Yan kallo suna zagina suna cewa Koci ba ya son Hussaini, ni kuwa in haɗiye.

Shekara ta huɗu muka kai inda kulob ɗinmu bai taɓa kaiwa ba, idon manya ya dawo kanmu. Wani babban kulob na Legas ya aiko mutum har Dutse. Hassan suke so. Za su ba mu 'yan wasa biyu a madadinsa, su kuma shimfiɗa mana daɓen katako irin na manyan filaye. Shugaban kulob ɗinmu, wanda muke kira Ciyaman, wani ɗan kasuwa ne da ya gaji da zuba dukiyarsa a kwandon nan da mahaifiyarku ke faɗa, ya kira ni ofishinsa bakinsa har kunne.

"Koci, kwantiraginsa saura wata shida. In ka riƙe shi yau, gobe zai tafi a banza, ko na gode ba za a ce mana ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to su ɗauki duka biyun."

"Na faɗa musu. Sun ce me za su yi da mai wasan minti biyar? Kai dai ka sa hannu, in ba haka ba ni na gaji, kowa ya kama gabansa."

Gaba kura baya sayaki ke nan. In na ƙi, kulob ya watse, yara goma sha biyu su rasa abin yi. In na yarda, na rasa wanda ake cika ɗaki dominsa, na kuma karya alkawarin da na yi a zauren Malam. Mutanen Legas suka zo da likitansu, ya auna Hassan a gabana, ya ce lafiyarsa kamar doki. Na sa hannu. A gida mahaifiyarku ta ƙi yi mini magana har na gama cin abinci, sannan ta ce tana kwashe kwano:

"Ka je ka faɗa wa uwarsu da kanka, Koci. Kada ka aika."

Na je. Malam ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi, ya ce kowane bawa da inda Allah ya ajiye masa abincinsa, Allah ya sa alheri ne. Na fara jin sanyi a raina, sai labule ya motsa.

"To me ka kawo wa ɗayan?"

 Na fara kame-kame, wai Hussaini zai zama kyaftin, wai za a ƙara masa daraja.

"Ba shi na tambaye ka ba. An ba ɗaya tafiya. Ɗayan fa?"

Na dubi Malam, ya ci gaba da jan carbinsa. Sai ta ƙara da cewa:

"Shi ke nan. In kai ba ka iya rabo ba, su sun iya."

Ranar tafiya da damina ce, an yi ruwa da asuba, tashar Dutse duk caɓi. Ni da Ciyaman da wasu 'yan wasa muka raka su da hantsi. Sun zo cikin kaftani iri ɗaya, kamar yadda Inna ta saba ɗinka musu, ba riga mai lamba balle a ce ga bakwai ga takwas. Mai tafiya ya ɗaga jakarsa, babba ce, ya miƙa wa kwandasta a saman mota. Da ya sauke hannu sai ya ɗan tsaya, ya kai babban yatsansa ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ya danna. Abin bai fi ƙiftawar ido ba. Ba wanda ya lura sai ni, don shekara huɗu idona ba ya neman komai a fili kamar wannan yatsa. Na juya na dubi wanda zai zauna, ya sunkuyar da kai yana kallon taɓo. Mai tafiya ya ga na gani. Ya matso kamar zai yi mini sallama, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya yi ƙasa da murya.

"Koci, don Allah."

Na ce, "Hussaini, kana hauka ne?"

"Tun da aka haife mu shi ake fara kira. Hassan da Hussaini, Hassan da Hussaini. Ka bar ni sau ɗaya in ji yadda ake ji. Shi ma ba ya son tafiyar, idon Malam ya tafi, wa zai riƙa duba masa karatun yara?"

"Ƙirjinka fa?"

"Na ji sauƙi, wallahi. Rabon da ya taso mini tun kafin azumi."

Ƙarya yake yi, yanzun nan na ga yatsansa. Ina so ku karanta abin da zan rubuta nan da kyau, don shi ne dalilin wannan rubutu gaba ɗaya. Ba tausayinsa ne ya rufe mini baki ba. Na sha gaya wa kaina haka shekara da shekaru, amma ba gaskiya ba ne. A tsaye a cikin caɓin nan lissafi na yi: ga daɓen katako, ga sababbin 'yan wasa biyu, ga kuma Hassan yana nan a hannuna. Na sayar kuma ban rabu da kayana ba. Na san takardar likitan da ke cikin jakar nan ta mai lafiya ce, na san a can ba wanda ya san maganar minti biyar, ba wanda zai kalli yatsa. Duk na sani. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutane, ni kuwa wahalar ba a kaina ta fara sauka ba. Na dafa kafaɗarsa, na ɗaga murya yadda Ciyaman zai ji, na ce:

"Allah ya kiyaye hanya, Hassan."

Ya yi wata irin dariya ta jin daɗi da ban taɓa ganin ya yi ba, ya shiga mota ya zauna a bakin taga.

Hassan ya sa riga mai lamba takwas. Da farko nakan fitar da shi bayan minti biyar don kada a gane, daga baya na riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ina cewa an samo masa magani a ƙauye. Muka shiga cin wasa. Gari ya ɗauka cewa Koci ya san hannunsa, ya sayar da bakwai ya mai da takwas bakwai. Ciyaman har shadda ya aiko mini. Lambar wayar kocin Legas tana cikin wayata, kullum in na zo neman wata lamba sai na wuce ta. Magana ɗaya ce zan faɗa masa, ko ban tona asirin kowa ba, in ce yaron nan a riƙa hutar da shi. Amma na san zai tambayi dalili, dalili kuma zai jawo likita, likita ya jawo komai. Sai in ce bari a gama wasan wannan mako. Hussaini yakan kira ni yana murna, wai ana kiran sunansa a lasifika, ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya. Sunan ɗan'uwansa yake nufi. In na ce yaya jiki, sai ya ce garau, ni kuma ba na sake tambaya.

Mahaifiyarku ce ta fara kama ni. Yaron ya zo gida cin abincin rana kamar yadda suka saba, ta kawo ɗanwake, ya jawo yaji ya zazzaga. Hussaini ba ya cin yaji, yana sa masa ƙwannafi. Ta jira sai da ya tafi, sannan ta tsaya a ƙofar ɗaki ta riƙe ƙugu.

"Wane ne wannan ka kawo mini?"

Na ce, "Hussaini mana."

"Ni za ka yi wa? Shekara huɗu ina zuba musu abinci. Wanda ke Legas shi ne mai ciwon?"

Na ce ta rage murya.

"Ba zan rage ba. Ka ɗauki waya yanzu ka kira mutanen nan. Ɗan wani ne fa, Alhaji. In naka ne za ka so a yi masa haka?"

Na yi mata tsawa na ce ba ta san komai a harkar wasa ba, ta tsaya a kan tukunyarta. Na ce bayan wasan Asabar zan kira. Wannan ita ce tsawar da na fi jin kunyarta a duk zamanmu, kuma har yau ba ta taɓa yi mini gori a kai ba, wanda ya fi gorin ciwo.

Ranar Asabar ɗin muna da wasa a gida da la'asar, su ma suna da nasu a Legas. A makon aka gama shimfiɗa katakon, ɗakin sai warin fenti yake yi, takalma suna ƙara a kai. Muna cikin zango na uku daga zango huɗu na wasan, Hassan ya ƙwace ƙwallo ya nufi kwando shi kaɗai, ba kowa a gabansa, jama'a sun miƙe. Sai ya tsaya cak a tsakiyar fili. Ƙwallon ta gangara ta fita. Ya ɗaga hannu a hankali ya danna babban yatsa a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, shi da bai taɓa ko ciwon kai ba. Ya juyo yana kallona, ya ce da wata murya da ba tasa ba:

"Koci, fitar da ni."

Na ruga na riƙe shi, ya zame ya zauna a kan katakon. Jikinsa sanyi ƙalau, ga shi ana zufa. Ya ɗago ya dube ni, yanzu kuma da muryarsa, ya ce:

"Ba su fitar da shi ba."

Ɗakin ya yi tsit, har ina jin kukan kurciya a kan rufi. Ba a kai ga kiran magariba ba wayata ta yi ƙara. Tun kafin in duba na san lambar da na yi wata uku ina wucewa ce. Yaron ya faɗi a zango na uku, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Hausawan can suka yi masa sutura washegari da safe, da sunan Hassan.

Ban taɓa zaman makoki irin na Aujara ba. Hassan yana zaune a kan tabarma kusa da mahaifinsa, mutane suna shigowa layi-layi, kowa ya riƙe hannunsa ya ce, "Hussaini, sai haƙuri, Allah ya jiƙan Hassan," shi kuma ya ce amin. Kwana uku ina zaune ina jin mai rai yana amsa addu'ar mutuwarsa. Malam kuwa, da ba ya gani amma ya san muryar 'ya'yansa, ban ji ya ambaci suna ko sau ɗaya ba. In zai yi addu'a sai ya ce Allah ya jiƙan wanda ya riga mu. A rana ta uku aka ce Inna tana kirana. Na tsuguna a bakin labulen nan.

"Malam Koci, ka gane shi a tasha?"

Na ce, "Na gane shi, Inna."

Sai ta ce:

"Ni ma na gane tun da suka zo sallama. Na ga yana murna, na kasa hana shi. Amma ni ban san irin gudun da ake yi a can ba. Kai ka sani."

Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Na ji motsin tashinta ta koma ciki, na zauna a wurin har ƙafata ta yi sanyi.

Na so in tona komai a lokacin, Hassan ya hana. Ya ce in aka sani za a kore shi daga gasa, a rufe kulob, a kuma riƙa cewa ɗan'uwansa ya mutu a kan ƙarya. Na karɓi wannan hujja da sauri, don ta yi mini daɗi. Bayan arba'in ya dawo fili, amma wanda ya dawo ba shi ne wanda na sani ba. Minti biyar cif sai ya tsaya yana haki, ya nemi canji. Na mai da shi wurin likita abokina, ya auna, ya dube ni da mamaki ya ce ciwon da ya gani a da babu shi, zuciyar nan lafiyarta lau. Na ƙi haɗa ido da shi. A gidanmu yaron ya daina taɓa yaji. Tafiyarsa ta canza, ya koma ɗan karkata kafaɗa irin ta marigayin. A tsakiyar wasa sai ya cilla ƙwallo ta bayansa ba tare da ya duba ba, zuwa inda ba kowa, ta fita waje, ya tsaya yana kallon wurin kamar an yi masa laifi. Yara suka fara gudun zama kusa da shi a bas.

Wata rana da tsakar rana na koma ɗakin wasa ɗauko usur ɗina da na manta. Lokacin ba kowa, rana ta take, ko akuya ba ta yawo. Tun daga waje na ji ana buga ƙwallo. Na leƙa ta taga. Shi kaɗai ne, yana gudu daga wannan kwando zuwa wancan, yana cillawa gefe yana cewa "karɓa," ƙwallon ta bugi bango ta dawo masa. Wannan ba abin mamaki ba ne, kowane ɗan wasa yana yi. Abin da ya hana ni shiga shi ne ƙarar takalmi. In ya tsaya, sai in ji wani takun ya ƙara biyu ko uku kafin shi ma ya tsaya. Ba zan rantse muku ba. Ɗaki ne mai rufin kwano a gindin dutse, yana mai da sauti. Amma na shekara goma sha a ɗakin nan ban taɓa jin ya mai da sauti haka ba. Na bar usur ɗin a can, na koma gida, na kwanta da zazzaɓi kwana biyu.

Ƙarshen wannan shekara na ajiye aiki. Mutane suka ce baƙin cikin Hassan ne, wasu suka ce kunyar sayar da shi ce, daga nan maganar da kuke ji ta samo asali. Shi ma ya bar wasa ya koma Aujara ya karɓi makarantar mahaifinsa. Da sunan Hussaini aka ɗaura masa aure, da shi ya yi katin ɗan ƙasa, 'ya'yansa 'ya'yan Malam Hussaini ne. Malam ya rasu, Inna ta bi shi, ba wanda ya tona asirin a cikinsu. Ni kuma na yi ta ɗaga zuwa, kamar yadda na yi ta ɗaga kiran waya, har bara da likita ya fara yi mini maganar tawa zuciyar. Mahaifiyarku ta ce in ba zan je da ƙafata ba ita za ta je. Na shiga mota na tafi.

Na same shi da hantsi a zauren nan dai, an sake labule amma wurin bai canza ba. Ya yi furfura a gemu, yana zaune yana fiƙe alƙalami da ƙaramar wuƙa. Ya tare ni da murna, ya sa aka kawo ruwa da dabino, muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da muka zauna mu biyu, na tattaro duk ƙarfin da ya rage mini na kira shi da sunan da rabon da wani ya kira shi da shi tun ranar tasha.

"Hassan."

Bai ɗago ba, wuƙar ma ba ta tsaya ba. Na sake kira. Ya ɗan waiwaya bayansa, ya dawo da kallonsa kaina.

"Koci, wa kake kira?"

Na ce, "Gafara na zo nema. Na san abin da na yi. Na gani da idona na yi shiru, kuma ba don kowa na yi ba sai don kaina. Ka yafe mini."

Ya ajiye alƙalamin a kan buzu. Fuskarsa ba fushi, ba kuma alamar wasa.

"Haba Koci. Ni ai ba ka yi mini komai ba, ni na riƙe hannunka a tasha na roƙe ka ka bar ni in tafi. Na yafe duniya da lahira." Ya ɗauki alƙalamin ya duba bakinsa a haske. "Hassan kuwa, sai dai ka je inda aka binne shi ka tambaye shi."

Ya rako ni har bakin mota, ya riƙe mini ƙofa na shiga. An ba ni kwatancen maƙabartar a Legas, takardar tana cikin aljihun jakata. Har yau ban je ba, don ban san da wane suna zan yi sallama ba.